Satar Numfashi

Litinin, 4 ga Agusta, 1958, bayan La'asar

Yau Likita ta buɗe akwatin da aka aiko mata daga ƙasarsu ta Turai. Mun ɗauka magani ne, ashe wani ɗan ƙarfe ne mai kama da agogon aljihu, da bututu a gefe. In mutum ya cika ƙirjinsa ya hura a bututun, wata 'yar fanka da ke ciki sai ta juya, allura ta tafi. Inda ta tsaya, nan ne iyakar iskar da ƙirjin mutum ke ɗauka. An ba mu wata guda mu gwada shi a wannan ƙaramin asibitin namu na Sabon Gari, mu faɗa wa masu shi ko yana faɗin gaskiya. Sista Biriskila, babbar nas ɗinmu, mutuniyar ƙasar Zariya, tuni ta raɗa masa suna agogon numfashi.

Ni aka fara miƙa wa, tunda ni ne tafinta, ni ne mai kiran sunaye, ni ne kuma zan riƙa dafa bututun in an gama hurawa. Jakin gidan dai. Na hura, allura ta wuce layi huɗu, ta doshi biyar. Sista ta ce, "Kai, Sammani, wannan ƙirji haka! Ka tabbata atamfa babanka yake sayarwa a Kantin Kwari, ba zuga yake wa maƙera ba?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Tawa ba ta kai ciki ba.

Akwai wani ɗan matsi da ya zo tare da agogon, na maƙale hanci don kada iska ta bi ta can. Dattawa biyu suka gan shi suka ce su ba shanun huɗa ba ne. Na gaya wa Likita cewa a ƙasar nan ba a taɓa hancin babba. Ta ce to, a bar tsofaffi su hura haka nan, ta jefa shi a aljihun tebur. Har wani daɗi na ji, wai an ɗauki shawarata.

Laraba, 6 ga Agusta, da almuru

Na dawo gida Fagge na tarar da ƙanwata Zaituna tana jirana a zaure, fuska ba annuri. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, don haka in ta tsaya a zaure akwai magana. Ta ce in lura da Baba. Tsakanin masallaci da ƙofar gida yanzu sai ya tsaya sau biyu, ya fake da gaisawa da mutane, har da waɗanda ba ya shiri da su. Ta ce za ta kawo shi asibitinmu.

Na ce akwai wasu asibitocin ai. Ta ce, "Naku kare ne a ƙofa, Yaya?"

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Baba bai taɓa sayar da ko ƙyalle ba. Algaita yake busawa, kamar ubansa da ya zo da ita daga Borno. A makarantar Midil yara suka sa mini suna ɗan maroƙi, in na shigo aji sai su cika kumatu. Ranar da na fara aiki aka tambaye ni sana'ar ubana, bakina ya riga ni, ya ce atamfa. Daga nan kuma sai ta zauna.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Ko Allah zai sa Zaituna ta manta.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Ba ta manta ba.

Suna zaune a kan benci da na fito da katunan marasa lafiya. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa biki. Tun da aka haife ni ban taɓa furta sunansa ba, wane ɗa ne zai yi? Yau na tsaya a tsakiyar mutane na kira shi gatsau, har sau biyu, don na farkon bai fito ba. Da ya matso, Sista na tsaye a kafaɗata, sai na ji kaina ina cewa, "Sannu, dattijo. Daga ina?"

Zaituna ta miƙe. Ya ɗaga mata hannu, ta koma ta zauna. Ya dube ni, duba mai tsawo, sannan ya ce, "Daga Fagge, Malam."

Sista ta tambaye shi sana'a. Ya ce, "Busa nake. Malam, rubuta mai algaita. Ka iya rubuta ta?"

Na iya. Na rubuta.

Likita ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, gaba da baya, tana haɗe gira. Sannan ta miƙa masa agogon, ni ina fassara masa yadda ake yi, shi da ya koya mini hura wuta. Ya kama bututun da leɓe, ya cika kumatu, ya hura. Allura ta kai layi ɗaya da 'yan kai, ta fara sanyi. A nan na ga hancinsa ya buɗe, ya rufe. Allura ta ci gaba. Ya sake. Da ta wuce huɗu sai ya saki, ya gyara hula.

Ba wanda ya gani sai ni, domin ba wanda ya san inda ake duba. Mai algaita ba ya yanke busa don ya numfasa. Yana tara iska a kumatu, yana tura ta waje, a daidai lokacin yana satar wata ta hanci. Ina shekara bakwai ya zaunar da ni gaban ƙwaryar ruwa da siririn kara a baki, ya ce in kumfa ya yanke ba ni ba tuwo. Abin da ya yi wa agogon ke nan. Numfashi uku ya ba shi a kan na ɗaya.

Likita ta dubi allura, ta dubi Baba, ta ce ƙirjin saurayi. Ta ba shi ruwan maganin tari.

Ban ce komai ba.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Jiya da na shiga gida na durƙusa gaishe shi, ya ce, "Malam an dawo? Zaituna, kawo wa Malam ruwa." Ta kawo, ta dire kwanon har rabin ruwan ya zube.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Damina ta sa fankar agogon tana nauyi. In ya kwana cikin laima sai allura ta yi kasala, sai mun ajiye shi kusa da fitila ya sha ɗumi. Kowace safiya Likita na gwada shi da wani famfo mai kama da na keke, wanda aka san iyakar iskar da yake ɗauka. Tura ɗaya, layi ɗaya. Bai taɓa saɓawa ba. Ƙarfe ne, ba shi da wanda yake jin kunya.

Baba ya karɓi busan wani biki a Rijiyar Lemo ƙarshen wata, na ɗan wani dillalin fatu. Zaituna ta yi kuka, ya ce, "Ƙarfen Turawa ya ce ƙirjina na saurayi ne. Ga Malam nan, a gabansa aka yi. Ko ba haka ba, Malam?"

Na ce haka ne.

Asabar, 16 ga Agusta

Malam. Malam. Har maƙwabta sun fara, su a zatonsu girmamawa ce.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Babban asibiti sun ba mu gado biyu a ɗakin masu ciwon ƙirji, inda ake da allurai da ƙwayoyin da mu ba mu da su. Sun ce tunda ana gwajin agogo, a turo waɗanda allurarsu ta fi kasawa. Gado ɗaya ya tafi yau, an ba wani Ikechukwu mai zuba gawayi a jirgin ƙasa, wanda bai kai layi biyu ba. Saura ɗaya, kuma ranar ɗaya ga Satumba za a rufe gwajin a ba da shi.

Bayan an tashi Likita ta kira ni, katin Baba a hannunta. Ta ce wannan tsohon ya hana ta sukuni. Kunnenta ya ce mata ƙirjinsa ya lalace, ta ma faɗi sunan ciwon da take tsoro, ni dai ba zan rubuta shi ba. Agogo kuma ya ce lafiya lau. Ta ce, "Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake, Sammani, ko kunnena ko wannan. In agogon ne, in rubuta musu ba shi da amfani. In kunnena ne, na tsufa." Ta sa na sake hurawa, ta sake gwada famfo. Duk daidai.

Ta ce ko zan iya gano gidan tsohon a Fagge, in ce ya dawo ran ɗaya ga wata a yi na ƙarshe. Na ce zan tambaya a unguwa.

Zan tambaya a unguwa! Allah wadaran wannan baki nawa.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan Magariba

Na sami Baba a ƙofar ɗakinsa yana shafa wa algaita mai. Na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Baba, na ga hancinka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na san ka gani. Wa ya koya maka gani?"

Na ce akwai gado, akwai magani, kuma Likita ba za ta iya ba shi ba sai agogo ya nuna. Na ce ya hura tsakani da Allah, sau ɗaya kawai. Ya ajiye tsumman ya ce, "Ranar da aka ji mai algaita ba shi da numfashi, ranar ya mutu, ko da yana yawo da ƙafarsa. Kai da ka san kunyar sana'a, ai bai kamata in yi maka bayani ba."

Na ce to ni zan faɗa mata. Ya ce, "Ka faɗa mana. Sai ta ce ina ka sani, ɗan mai atamfa?"

Ashe ya sani. Tun yaushe, ban tambaya ba. Da na miƙe zan tafi ya ce, "A asibitinku ba ni da ɗa. A gidana kuma ba ni da likita. Ka ga an yi raba daidai." Maganar nan ta cinye masa numfashi, sai da ya jingina da bango. Na tsaya kamar in riƙe shi, kamar kada in riƙe. A ƙarshe na fita.

Juma'a, 22 ga Agusta

Na shiga ofishin Likita da niyyar faɗa mata gaskiya. Na fito da kwanon bututu.

Litinin, 25 ga Agusta, da rana

Muna dafa bututu ni da Sista, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tsohon nan mai algaita, kunnuwansa irin naka ne sak. Kamar marfin tukunya." Na ce Barebari duk haka muke. Ta ce, "To." Can ta ce, "Ni ubana aladu yake kiwo a ƙauyenmu. Da na zo Kano sai da na shekara ina cewa awaki. Ya zo ganina, ya ji, ya ce, 'Biriskila, awakin nan naki suna gaishe ki, sun yi ƙiba har suna gurnani.'" Ta yi dariya har da hawaye, ta tsame bututun ta fita.

Ta buɗe mini ƙofa har bango, ni kuma na tsaya ina gyara murfin tukunya. Ban ce komai ba. Na fara gajiya da rubuta kalmomin nan.

Laraba, 27 ga Agusta, da asuba

Ta katanga ina jin Baba. Ba tari ba ne ma yanzu, wani ja ne, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi.

Alhamis, 28 ga Agusta

Zaituna ta daina yi mini magana. Tuwona a rufe a bakin ƙofa, kamar na baƙo.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan Magariba

Na je Rijiyar Lemo. Ban yi niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. Na tsaya can baya wajen masu tallar gyaɗa, inda ba za a ce ga ɗan wane ba.

Kai, Baba ya iya busa. Na manta, ko kuwa na sa kaina mantawa. Da ya ɗaga algaita sama ya kama taken dangin ango, tsofaffin mata suka miƙe suna share ido da bakin mayafi, wani dattijo ya cire hularsa ya ɗora masa. Duk shekarun nan abin da nake ɓoyewa ke nan.

Ana tsakiyar take sai sautin ya yanke. Tun da nake ban taɓa jin ya yanke ba. Makaɗa suka ƙara wuta don su rufe, wata ta rangaɗa guɗa. Ya sake kai ta baki, ta yi wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya, ta mutu. Ya zauna a kan turmi, leɓensa ya yi baƙi, yana yi wa mutane murmushi yana nuna bakin algaitar, wai ita ce ta toshe.

Zaituna ce ta ratsa maza ta kama shi. Da suka zo wucewa ta gan ni. Ta ce, "Matsa, Malam, ka ba mai algaita hanya."

Na matsa.

Lahadi, 31 ga Agusta

Baba ya ce zai je gwajin gobe, don kada a ce ya ji tsoron ƙarfe. Ya ce zai kai allurar biyar.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi.

Ɗakin a cike yake, don ranar ƙarshe ce, duk waɗanda aka gwada sun dawo. Katinsa ya zo hannuna. Na buɗe baki in kira sunan, ya ƙi fita. Sai na taka har gaban benci na durƙusa na ce, "Baba, an zo kanka."

Ya ce, "Tashi, Malam, kada rigarka ta yi datti."

A ciki Likita ta gwada famfo, layi ɗaya cif. Ta miƙa masa agogon. Na ja aljihun tebur na ɗauko matsin nan. Ya dube shi, ya dube ni. Ban iya ba. Ƙarfe a hancin ubana, a gaban mutane, ban iya ba. Na mayar da shi. Baba ya kama bututu, ya cika kumatu, har na ga gefen idonsa yana dariya.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni." Na sa yatsu biyu na toshe masa hanci.

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta yi salati. Wani ya ce, "Kai, yaro, ba ka da iyaye?" Hancinsa da sanyi, da gumi. Ina jin yadda yake ja a ƙarƙashin yatsuna, yana neman hanyar da ya saba, babu. Bai ture ni ba. Da ya ture ni da na fi jin sauƙi. Ya hura iyakar abin da Allah ya bar masa, idonsa a kaina.

Allura ta wuce layi ɗaya da kaɗan ta tsaya.

Likita ta ce a sake. Aka sake, nan ta tsaya. Ta tambaye ni me na yi, me ya sa. Na faɗa mata yadda ake satar numfashi, na ɗebo ruwa a kofi na sa bututu na nuna mata kumfa ba ya yankewa. Ta ce ina na koyi wannan. Na faɗa da Turanci, sannan na juya na faɗa da Hausa yadda na bakin ƙofa za su ji: "Mahaifina ne. Shi ya koya mini."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce tun ranar farko na sani? Na ce e. Ta dubi kalanda a bango, ta dube ni, ta ɗauki alƙalami ta rubuta masa gado. Da ta zage ni da ya fi.

Baba ya gyara hularsa, ya ce wa Zaituna, "Mu je." Ko inda nake bai kalla ba.

Laraba, 3 ga Satumba

An kwantar da Baba a babban asibiti. Likita ta rubuta wa masu agogo cewa yana faɗin gaskiya, amma kada a ƙara gwada kowa hanci a buɗe. Matsin ya fito daga aljihun tebur. Tsofaffi na zagi, ni nake maƙala musu, ina ba su haƙuri.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Kullum ina zuwa. In na gaishe shi sai ya juya fuska bango. Labari ya gama Fagge, cewa mai algaita ba numfashi, kuma ɗansa ne ya tona. Masu biki biyu sun aiko sun ce sun sami wani. Na cece shi ko na kashe shi, ban sani ba. Likitan can ya ce da an kawo shi da wuri da ya fi, amma ana sa rai. Busa kuwa, ya ce a manta da ita.

Talata, 9 ga Satumba, bayan Magariba

Zaituna ta yi mini magana yau, kalma biyar: ya ce a kai algaita. Na ɗauko ta daga ƙusa. Da ina yaro in ya aike ni da ita, a tsumma nake naɗe ta, in bi lungu. Yau a hannu na riƙe ta, na bi bakin titi. Wani mai shayi ya ce, "Kai ne ɗan mai algaita?" Na ce ni ne.

Ya karɓa, ya shafa ta tun daga baki har ƙasa. Ya kai ta leɓe, ya cika kumatu. Ba abin da ya fito sai iska. Ya daɗe yana riƙe da ita a cinya. Sannan, bai dube ni ba, ya miƙo ta gefe ya ce, "Sammani."

Wata guda ke nan ban ji sunana a bakinsa ba.

Na ce na manta, numfashina ba zai kai ba. Ya ce, "Na ji agogonku ya ce ka kusa biyar. Ko kai ma sata ka yi?"

Ba a busa a ɗakin marasa lafiya, sai na fita na tsaya gindin darbejiya, daidai tagarsa. Masu jinya suka taru, har da leburori, har da wani da muka yi Midil tare, yanzu akawu ne a asibitin. Na kama taken gidanmu, wanda kakana ya zo da shi. Ya fita a karkace, kamar jaki na kuka. Ta taga ina ganin yatsansa ɗaya yana bugun ƙarfen gado.

Da na koma ciki idonsa a rufe, gefen fuskarsa a jiƙe. Na tsaya ina jiran ko zai ce ya yafe.

Ya ce, "Sau uku ka yanke. Gobe ka zo da ƙwarya da kara."